Daga Zare Zuwa Keji: Littafin Horon Auta

Lahadi, 20 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta yadda horon ɗan ƙanwata yake tafiya. Auta ake ce masa a gida, da sunan zan riƙa kiransa a nan. Shekarunsa 21, mahauci ne ɗan mahauci. Da asuba yana mayankar Zango a Tudun Wadar Kaduna tare da babansa, da yamma kuma, tun yana ɗan shekara 16, yana sa zare a gidajen dambe. Yaron yana da hannu, duk wanda ya taɓa ganin yadda yake sauke dama a muƙamuƙin mutum zai shaida. Yanzu ya ce damben keji yake so, wanda ake kira MMA, irin na su Kamaru Usman, kuma so yake ya zama sana'ar da zai ci abinci da ita.

Ni judo na yi da ƙuruciya a filin wasa na Ahmadu Bello, daga baya na koyar da motsa jiki a sakandare har na yi ritaya. Kaye da riƙo a ƙasa su na sani. Da uwarsa ta ga ba ya hanuwa sai ta zo ta same ni, ta ce, "Yaya, tun da ya ƙi ji, ka riƙe min shi a hannunka."

Jiya da daddare muka kalli faɗan Francis Ngannou da Renan Ferreira a Riyad. Duniya ta san Ngannou da nauyin hannu, kuma abokin karawarsa ɗan Burazil ya haura mita biyu a tsawo. Kowa a gidan kallo yana jiran musayar naushi, sai Ngannou ya sunkuya ya kwashe shi ya kai ƙasa, ya danne, ya yi ta saukar masa da hannu har alkali ya shiga tsakani tun a turmin farko. Na ce wa Auta ya tuna Janairun 2018, ranar da Stipe Miocic ya yi ta kayar da wannan Ngannou ɗin turmi biyar har numfashi ya gagare shi. Bayan wannan kashin ne ya koma ya koyi kokawa, ya dawo a Maris na 2021 ya karɓe kambun UFC, babban kamfanin damben keji, daga hannun Miocic, sannan a Janairun 2022 ya kare shi a gaban Ciryl Gane da kaye, gwiwarsa da rauni.

Sharuɗɗa uku na gindaya masa. Ba zai ƙara ɗaura zare ba muddin muna wannan aiki. Ba zai sa hannu a takardar faɗan ƙwararru ba sai ya yi na 'yan koyo na gamsu. Kuma maganar likita tana gaba da tawa da tasa. Ya ce, "Na yarda, Kawu." Nauyinsa yau kilo 73.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Abin da dambe ya dasa a jikinsa ya fara fitowa fili.

A gidan dambe, da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa. Makaɗa su sauya kiɗa, jama'a su ruɗe, magana ta ƙare. Shekara biyar jikin Auta yana koyon cewa ƙasa ita ce ƙarshen wasa. To yanzu duk lokacin da na kayar da shi sai ya saki jiki, ya buɗe hannuwa, ya ɗaga kai yana jiran a miƙa masa hannu ya tashi. Idan kuma shi ne ya kai mutum ƙasa, sai ya ja baya ya juya ƙeya kamar zai tafi wurin makaɗa a yi masa kirari. A cikin keji duka biyun halaka ne. Wanda ya faɗi ya saki jiki, kafin ya ƙifta ido an hau ruwan cikinsa ko an zagaya bayansa an shaƙe wuya. Wanda ya kayar ya juya baya kuwa ya yar da nasarar da ta zo hannunsa.

Maganin da na ɗauka: kowane atisaye yanzu yana farawa ne Auta yana kwance rigingine, wani a kansa. Aikinsa ɗaya, ya kare wuya, ya cusa gwiwa tsakaninsu, ya zame kwankwaso gefe, ya miƙe ba tare da ya ba da baya ba. Ba ya son wannan ko kaɗan. Ga mai zuciyar ɗan dambe, kwanciya a ƙarƙashin wani namiji wulaƙanci ne, ina ganin haka a fuskarsa. Ban rage masa ko ɗaya ba.

Sai tsayuwa. Ɗan dambe a karkace yake tsayawa, ƙafar gaba ta yi nisa, hannun garkuwa a miƙe yatsu a buɗe, hannun zare a baya yana jiran lokaci. Wannan ƙafar ta gaba kyauta ce ga mai kokawa, kuma ita mai shuri zai yi ta sara a sha-raɓa har ta daina ɗaukar mai ita. Yatsun da ke buɗe suna kallon fuskar abokin karawa kuma laifi ne a dokar keji, saboda tsone ido. Hagunsa bai taɓa naushi ba a rayuwarsa, tarewa da turewa kawai ya sani. Sai mun raine shi daga farko.

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Mun samu wuri. Wani abokina ya ba mu aron tsohon shagonsa a Unguwar Sanusi. A Panteka aka walda mana ƙarfen rataye buhun naushi, aka kuma kafa mana ragar waya a bango ɗaya, domin rabin kokawar keji a jingine da raga ake yin ta: yadda za ka matse mutum, da yadda za ka bi ragar da baya ka miƙe. Katifun tsofaffi ne amma suna aiki. Kullum sai an goge su da ruwan Hypo kafin a fara, don makero ba ya da wuyar yaɗuwa inda fata ke gogar fata.

Babban abin farin ciki, mun samu wani Ba'adare mai shayi a bakin layi wanda ya yi kokawar gargajiya a garinsu. Ya fi Auta da kusan kilo goma, kuma idan ya kafa ƙafa ba ya ɗaguwa. Bai san shaƙa ko murɗe hannu ba, amma kamun ƙugu da taɗiya a jininsa suke.

Hunturu ya sauka sosai. Gudun safe a Dandalin Murtala ya koma bayan ya taso daga mayanka, saboda ƙurar asuba tana kama masa ƙirji. Numfashi dai har yanzu shi ne cikas. Turmin ƙwararru minti biyar ne, hutu minti ɗaya, turmi uku, na kambu kuma biyar. Dambe ya saba masa da zagaye da auna juna, a kai hari sau ɗaya a rabu. Yanzu a minti na uku bakinsa yake buɗewa hannuwa su sauka.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Babansa ya zo har gida bayan la'asar. Mutum ne mai kunya, sai da muka daɗe muna gaisawa kafin ya shigo da maganar. An gama kaka, gidajen dambe sun cika, ana sa gasar babur har da ta mota, kuma tsofaffin abokan Auta suna ta aiko masa.

Ya ce, "Malam, ni ba na ja da kai. Amma yaron nan in ya shiga fili ya yi kisa, liƙin da ake yi masa a yamma ɗaya ya fi abin da muke samu a mako. Wannan da kuke yi, wata uku ke nan ban ga ko sisi ba, sai ma kuɗin ƙwai da madara."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban ɓoye masa komai ba. Na ce masa nan da shekara biyu ma kada ya sa ran kuɗi. Har a UFC, wadda ita ce ƙololuwa, sabon shiga yakan fara ne da dala 10,000 zuwa 12,000 na shiga keji, da wasu kamarsu idan ya ci, kuma a ciki zai biya haraji da koci da manaja, ga shi a shekara da wuya ya wuce faɗa uku. Masu arzikin wannan sana'a 'yan ƙalilan ne a can sama.

Sai na ba shi labarin Kamaru, don shi kowa yake ambata ba tare da ya san tsawon hanyar ba. A Auchi aka haife shi a 1987, aka kai shi Amurka yana ɗan shekara takwas. A makarantar sakandare a Texas ya fara kokawa, ya ci gaba da ita a jami'a, har ya ci gasar ƙasa ta rukuni na biyu a 2010 yana Jami'ar Nebraska ta Kearney. Wajen shekara goma yana kan katifa kafin ya sa safar keji. Duk da haka, a faɗansa na biyu na ƙwararru, a 2013, an zagaya bayansa aka shaƙe shi ya sallama. Bai shiga UFC ba sai 2015, kambu kuwa sai ranar 2 ga Maris, 2019, da ya yi turmi biyar yana danne Tyron Woodley. Lokacin yana da shekara 31.

Abin da ya fi damuna kuma na faɗa masa: kan yaron. Naushin zare ba shi da tausayi, kuma kowane kisa da aka yi wa mutum yana barin abin da ba ya gogewa a ƙwaƙwalwa. Ba zai yiwu ya riƙa shan zare da yamma yana shan safa da safe ba.

Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗanka ne. Allah ya sa albarka." Mun yi da shi cewa Auta ba zai fasa zuwa mayanka ba ko rana ɗaya.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, 2025

Jiya Israel Adesanya ya sha kashi a hannun Nassourdine Imavov a Riyad, daƙiƙa 30 da shiga turmi na biyu. Gidan kallon da muke ya yi tsit. Kashi na uku ke nan a jere, bayan na Sean Strickland a 2023 da na Dricus du Plessis a Agustan 2024.

Abin da na sa Auta ya maimaita kallo a waya shi ne abin da ya faru gab da bugun. An tsone wa Adesanya ido, alkali ya tsayar, doka ta ba shi damar ya huta har ganinsa ya dawo. Ya nuna a ci gaba kawai. Ba a jima ba daman Imavov ta same shi ya zube. Mutumin da ya yi faɗa wajen 80 a damben hannu da ƙafa kafin ya zo UFC, ya riƙe kambun duniya sau biyu, shi ma jarumtar nuna ba komai ta ja masa. Auta yana da wannan halin ninki biyu, domin a gidan dambe wanda ya nemi hutu dariya ake yi masa. Na kafa doka a shago: duk wanda aka tsone wa ido ko aka buga a mara, dole ya zauna sai na ce ya tashi.

Hagu ya fara fita a miƙe. Ba shi da nauyi tukuna, amma yana isa inda aka aike shi.

Laraba, 12 ga Maris, 2025

Yau 12 ga Ramadan. Mun juya jadawali gaba ɗaya. Kafin shan ruwa ba ma yin komai sai maimaita dabaru a hankali, babu gumi. Aiki mai nauyi sai bayan asham, mu tashi kafin sha ɗaya don ya samu barci kafin sahur da mayanka. Gwabzawa mai ƙarfi na dakatar da ita har bayan Sallah. Yaran shago duk masoyan Khabib Nurmagomedov ne, wanda ya ajiye safa a Oktoban 2020 da nasara 29 babu kashi ko ɗaya, kuma sun san ba ya karɓar faɗa a watan azumi, saboda haka babu wanda ya yi min gardama.

Nauyinsa ya sauko kilo 71. Rukunin da ya dace da shi shi ne na kilo 70.3. Wani saurayi da ke zuwa kallo ya kawo shawarar a matse shi ya sauka rukunin 65.8, wai zai fi abokan karawa girma: a naɗe shi da leda, a sa shi cikin mota a rufe gilashi da rana, ya daina shan ruwa kwana biyu kafin awo. A zafin bazarar Kaduna! Na ce kada in ƙara jin wannan magana a shagon nan. A Disamban 2015 wani ɗan Sin mai shekara 21, Yang Jian Bing, ya rasu yana matse ruwan jikinsa don awon faɗan ONE Championship, har kamfanin ya sauya dokar awonsa bayan nan. Ƙoda take fara gazawa, ga shi kuma wanda ya bushe ya fi saurin suma idan naushi ya same shi. Auta zai yi faɗa a nauyin da yake yawo da shi, abinci kawai za mu gyara: a rage soye-soyen buɗa-baki, a ƙara wake da ƙwai da nono. Nama dai ba ya yanke masa.

Asabar, 19 ga Afrilu, 2025

Makon farko bayan Sallah gwiwar Ba'adaren ta same shi a gefen kai suna cikin kokawa, ba da gangan ba. Bai faɗi ba, amma na ga idonsa ya yi wani iri, kuma da na tambaye shi abin da muka yi kafin nan sai ya tsaya tunani. Ya ce a zuba masa ruwa a ka kawai ya ci gaba. Na cire masa safa da hannuna. Likita ya duba shi ya ce jijjigar ƙwaƙwalwa ce mara tsanani, ya hana shi duk abin da zai taɓa kai na mako uku, ya ce ko gudu sai ciwon kan ya ɗauke gaba ɗaya. Haka muke bi. Haɗarin yana ga bugu na biyu kafin na farko ya warke.

Tun da muna asibiti sai muka yi gwaje-gwajen da masu shirya gasa suke nema: ciwon hanta nau'in B da C, ƙanjamau, da duba ido. Duk lafiya lau. An fara yi masa allurar rigakafin ciwon hanta, wadda ta kamaci duk mai aiki da wuƙa a cikin jama'a.

Uwarsa ta kira ni da daddare muryarta na rawa. Na faɗa mata abin da ya faru tiryan-tiryan, ban rage ba. Ta ce, "Yaya, da a gidan dambe ne wa zai cire masa zaren?" Ta yi addu'a ta kashe waya.

Lahadi, 25 ga Mayu, 2025

Auta ya shiga keji karon farko jiya da daddare, a wata gasar 'yan koyo a Abuja. Jirgin ƙasa muka hau daga Rigasa zuwa Idu ranar Juma'a, ya hau sikeli ya ba da kilo 70 cif, ya ci tuwonsa ya yi barci.

Dokar 'yan koyo turmi uku ce, minti uku-uku, da kariyar ƙwauri, babu bugu da gwiwar hannu. Abokin karawarsa daga Legas yake, ya taɓa faɗa biyu, kuma daga yadda yake tsayawa na gane ɗan jujitsu ne, wato masu kokawar shaƙa da murɗe gaɓɓai a ƙasa.

Turmin farko bai yi rabin minti ba yaron ya nutsa ya kama ƙafar gaba, wannan ƙafar dai da muke faɗa a kanta tun Nuwamba. Auta ya faɗi. Zuciyata ta tsinke, don a nan ne zan san ko watannin nan sun shiga jiki ko a baki suka tsaya. Bai saki jiki ba. Ya manne haɓa a ƙirji, ya ja jiki da baya har ya samu raga, ya dafa ta ya miƙe. An sake kayar da shi kafin ƙararrawa, ya sake tashi. Turmin ba nasa ba ne, amma ya fito da wuyansa.

A hutu na ce masa, "Ja ƙafar nan baya. Hagu biyu, sannan dama. Kada ka nemi kisa." Ya gyaɗa kai yana haki.

Turmi na biyu nasa ne. Ya tare kamu biyu, ya watsa ƙafafu baya ya sauke ƙirji a kan yaron kamar yadda Ba'adaren ya koya masa. Can wajen tsakiya hagu ya buɗe hanya, dama ta bi, yaron ya zauna daɓas. A nan tsohon hali ya dawo na ɗan lokaci: Auta ya tsaya cak, hannu ya fara ɗagawa sama. Na ƙwala masa kira, ya farga ya bi shi ƙasa, amma daƙiƙa biyun nan sun ishi wancan ya naɗe shi da ƙafafu ya riƙe har hankalinsa ya dawo. Da ya bi nan take, alkali zai tsayar.

Turmi na uku numfashi ya ƙare. An kai shi ƙasa, aka zauna a kansa fiye da rabin turmin, aka nemi shaƙa ta baya ya ɓamɓare hannun da ƙyar. Alkalan gefe uku duk sun ba ɗan Legas 29 da 28. Hukuncin daidai ne.

A ɗakin canza kaya ya rufe fuska da tawul yana kuka. Ya ce, "Kawu, na ba ka kunya." Na ce masa kashin 'yan koyo ba ya shiga takardar ƙwararru, dalilin da ya sa ake yin sa ke nan. Abin da na rubuta a takardata kafin mu kwanta: an kayar da shi sau huɗu, ya tashi sau uku, ba a shaƙe shi ba, bai ji rauni a ka ba. Gyara: ƙafar gaba, bin mutum ƙasa, da numfashin turmi na uku.

Lahadi, 15 ga Yuni, 2025

Babbar Sallah ta faɗo ranar 6 ga wata, kuma makon layya mahauci ba shi da lokacin kansa. Ban nemi Auta ba sai da aikin fiɗa ya lafa.

Yau kafin asuba muka kalli Kamaru da Joaquin Buckley a Atlanta. Shekarunsa 38, gwiwoyi sun gaji, rabonsa da nasara tun Nuwamban 2021, ga shi Buckley ya ci faɗa shida a jere. Kamaru bai tsaya musayar hannu da matashi ba. Turmi huɗu yana kwasarsa yana kaiwa ƙasa yana aiki da gwiwar hannu, a na biyar ya sha naushi amma ya jure, ya ci da maki. Wannan ne mutumin da Leon Edwards ya sumar da shurin ka a Agustan 2022, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, alhali yana gaba a maki. Kokawar da ya koya yana yaro ita ce ta dawo da shi.

Auta bai ce komai ba, amma da yamma shi ya riga kowa zuwa shago, kuma da kansa ya kwanta a katifa ya ce Ba'adaren ya hau.

Lahadi, 20 ga Yuli, 2025

Makon nan ya yi nauyi.

Gasar damben keji ta kamfanin PFL ta Afirka, wadda Ngannou yake shugabanta a wannan shekara ta 2025, ta fara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Wannan babban abu ne, domin Ngannou sai da ya ratsa sahara da teku ya kwana a titunan Faris kafin ya samu wanda zai koya masa, Kamaru da Adesanya kuma a ƙasashen waje suka girma. Yanzu ƙofa tana buɗewa a nahiyar nan. Sai dai irin wannan labari yana sa yara gaggawa.

Ranar Talata wani mai shirya wasa ya kira Auta kai tsaye, bai bi ta kaina ba. Ya ga bidiyon daman da ya sauke a Abuja. Yana son ya yi faɗan ƙwararru nan da kwana goma, a madadin wani da ya janye, da mutumin da ya yi faɗa bakwai ya ci shida, yawancinsu da shaƙa. Kuɗin da ya ambata ya fi abin da Auta yake samu a wata uku a mayanka.

Na san wannan ciniki. Ana gina wancan ne, ana neman wanda zai faɗi da kyau a gaban kyamara, kuma "ɗan damben gargajiya daga Kaduna" suna ne mai sayar da tikiti. Takardar ƙwararru ba a goge ta. Duk mai neman ɗan wasa abin da yake fara dubawa ke nan, nawa ya ci, nawa ya sha. Wanda ya fara da kashi biyu ko uku, sai a mayar da shi wanda ake kira idan ana neman abokin karawa mai sauƙi, ya ƙare yana sayar da lafiyarsa da araha. Adesanya sai da ya tara nasara 11 babu kashi kafin ya fara faɗa a UFC a 2018.

Na ce a'a. Auta ya ce, "Kawu, hannu ɗaya nake buƙata ya same shi." Na ce turmin ƙwararru minti biyar ne, akwai gwiwar hannu, babu kariyar ƙwauri, shi kuwa a minti na bakwai ya ƙare a Abuja. Ya ce ni ba ni ne nake tashi ƙarfe huɗu ina wanke tumbi ba. Maganar ta yi min zafi, amma yana da hujja, talauci ba ya jiran jadawalin koci. Na tuna masa sharaɗi na biyu da ya amsa da bakinsa. Ya ɗauki jakarsa ya fita. Tun ranar bai zo shago ba.

Asabar, 9 ga Agusta, 2025

Ya dawo ranar Litinin. Babansa ne ya rako shi har ƙofar shago, abin da ban zata ba. A gabana ya ce masa, "Kai ka ce wannan hanyar kake so. To mai hanyar ya ce ba yanzu ba." Bai sa hannu a takardar ba, kuma bai ɗaura zare ba a kwanakin da ya yi ba ya zuwa, na tambaya an tabbatar min.

Mun zauna mu uku muka tsara abin da ke gaba, don shi ma ya san inda aka dosa, ya daina jin kamar an ɗaure shi ne babu ranar saki. Zai ƙara faɗan 'yan koyo aƙalla uku. Idan ya ci biyu a ciki, kuma ya iya turmi uku na minti biyar-biyar a shago da sababbin abokan gwabzawa ba tare da hannunsa ya sauka ba, zan nema masa faɗan ƙwararru na farko da kaina, da wanda shi ma sabon shiga ne. Duk wani mai shirya wasa daga yau ta wayata zai bi.

Akwai inda ilimina ya tsaya. Judo ta ba ni kaye da danniya, amma kare kai daga masu jujitsu na zamani sai wanda ya ƙware a kanta. Na yi magana da wani koci a Abuja, ya yarda Auta ya je ya yi wata guda a wurinsa cikin Oktoba, zai riƙa kwana a gidan wani ɗan uwanmu a Dei-Dei. Babansa ya ɗauki kuɗin mota, ni na ɗauki na horo, wansa zai riƙe masa aikin mayanka.

Nauyi yau kilo 72.5, hutun nan ya ƙara masa. Ruwan sama ya hana gudu a fili, saboda haka tsallen igiya da hawan matakala za su maye gurbi har damina ta ja baya. Rufin shagon yana yoyo ta kusurwar raga, katifa biyu sun jiƙe, gobe za a kira mai gyara. Allurar hanta ta uku ta faɗo a Oktoba, sai a yi masa ita kafin ya tafi Abuja.